Yadda Ake Sayen Mota Mai Sauƙin Kuɗi Marar Shan Mai, Mataki-Mataki

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, tambayar masu neman mota ta canza. Da can ana tambaya ne ko esi yana sanyi, ko kujerun fata ne. Yanzu wanda duk ya tare ni da maganar mota, ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa ko malamar makaranta, abu ɗaya yake son ji: wace mota zan saya da ɗan abin da ke hannuna wadda ba za ta cinye mini albashi a gidan mai ba? Wasu kuma su ƙara da tambayar haibirid, wato motar da ke haɗa injin fetur da babban batir. Ga yadda ake bin abin daki-daki. Bayanin ya shafi motar hannu ne, 'yar Beljiyam ko wadda aka yi amfani da ita a nan gida, domin ita ce akasarinmu ke iya saye.

1. Lissafa tafiyarka kafin ka kalli kowace mota

Ɗauki biro da takarda. Kilomita nawa kake yi a wata? Daga gida zuwa wurin aiki, kai yara makaranta, kasuwa, zuwa gida ganin iyaye a ƙarshen mako. Sannan ka raba tafiyar gida biyu: nawa ne a cikin gari inda ake tsaye-tsaye, nawa ne a babbar hanya.

Mu ɗauka kana yin kilomita 1,000 a wata, mu kuma sa lita ɗaya a ₦1,000 don lissafin ya yi sauƙi, kai ka sa farashin garinku na yau. Motar da ke yin kilomita 8 da lita ɗaya za ta sha lita 125, wato ₦125,000. Mai yin kilomita 12 za ta sha kusan lita 83. Mai yin kilomita 19 kuwa kusan lita 53 ne. Tsakanin ta biyu da ta uku akwai rarar kusan ₦30,000 a wata, ₦360,000 ke nan a shekara. To idan ta ukun ta fi ta biyun tsada da naira miliyan ɗaya da rabi, sai ka shekara huɗu da ɗoriya kafin kuɗinka ya dawo. Amma mai yin kilomita 2,500 a wata, kamar mai haya a cikin gari, bai kai shekara biyu ba zai fanshe.

Wannan lissafin shi ne zai gaya maka ko haibirid ta dace da kai. Ribarta ta fi fitowa a cunkoso, domin injin yakan mutu da kansa idan an tsaya, kuma duk taka birki yana mayar da wuta cikin batir. Wanda yawancin tafiyarsa Kano zuwa Kaduna ce a guje, ratar da ke tsakaninta da ƙaramar motar fetur ba za ta kai yadda yake tsammani ba.

2. Ware kuɗin bayan saye

Kada ka kai duk abin da ka tara wurin dillali. Shawarata ita ce ka ajiye aƙalla kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari a gefe. Akwai la'adar dillali, kuɗin bakanike da zai duba, rajista da lamba, inshora, juyen baƙin mai na farko, sau da yawa har da tayoyi da ƙaramin batir. Inshorar dole ta motar gida, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta koma ₦15,000 a shekara tun Janairun 2023.

*Gargaɗi:* farashin motar waje yana bin canjin dala da kuɗin kwastan, don haka kuɗin da abokinka ya saya bara ba ma'auni ba ne. Tambayi farashi a wurare uku ko huɗu cikin mako guda kafin ka san inda kasuwa ta tsaya.

3. Zaɓi motoci biyu ko uku kawai

Wanda ya shiga wurin sayar da motoci ba tare da ya tsayar da zuciyarsa ba, abin da dillali ke son rabuwa da shi zai sayo. Ƙa'idar farko: injin mai silinda huɗu, girmansa daga lita 1.3 zuwa 1.8. Duk inda ka ga an rubuta V6 (injin mai silinda shida) a bayan mota, ka san ba taka ba ce, komai sauƙin kuɗinta. Sauƙin ma dalilinsa ke nan, masu ita sun gaji da sayen mai.

A ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka, lokacin da motocin suke sababbi, Corolla ta 2009 zuwa 2013 mai injin 1.8 tana yin kusan kilomita 12 da lita ɗaya. Yaris ta ɗan fi ta, kusan 13. Camry ta 2007 mai silinda huɗu kusan 10 take yi, haibirid ɗinta kuma kusan 14. Prius, haibirid ɗin Toyota, ta 2004 zuwa 2009 tana kai 19, ta 2010 zuwa 2015 kuma 20 ko fiye. Idan ka ga an rubuta adadin da mil a galan kamar yadda Amurkawa ke yi, ninka shi da 0.425 ka sami kilomita a lita. Ka kuma rage wani abu a ranka, domin motar ta tsufa, titinmu ba nasu ba ne, ga esi a kunne tun daga Maris har damina ta sauka.

Pontiac Vibe da ta cika titunan Arewa, injin Toyota ne a cikinta, ita da Toyota Matrix uwa ɗaya uba ɗaya suke. Mai injin 1.8 ita ake nema. Akwai mai 2.4, akwai kuma mai jan ƙafa huɗu, waɗannan sun fi shan mai.

Kafin ka yanke, je inda ake sayar da kayan gyara: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja. Tambayi kuɗin shokozoba, fitilar gaba, famfon mai da giyabos na kowace mota da ke cikin jerinka. Motar da sai an aika Legas kafin a samo mata ƙaramin abu, rarar man da ta yi maka a wurin jiran kaya za ta tafi.

*Gargaɗi:* Camry ta 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 an san wasunsu da cin baƙin mai. Motocin Nissan masu giyar CVT (wani nau'in giyar otomatik) kuma ba sa jure a zuba musu man giyar da ba nasu ba, kuma gyaransu da tsada. A ɓangaren haibirid, ni Toyota nake ba da shawara. Tsohuwar Civic haibirid ta 2006 zuwa 2011 ta yi ƙaurin suna wajen saurin mutuwar batir.

4. Nemo bakanikenka tun kafin motar

Bakanike naka, ba wanda dillali zai kira maka ba. Ku yi jinga tun farko, ka biya shi kuɗin dubawa ko an saya ko ba a saya ba, don kada ya zama sai ciniki ya faɗa zai ci abinci. Ya zo da na'urar da ake jona wa mota a ƙarƙashin sitiyari ta karanto matsalolinta, wadda masu gareji ke kira kwamfuta.

Idan haibirid kake so, tambayar ta fi haka nauyi: akwai wanda ya iya gyaranta a garinku? Ba wanda ya ce ya iya ba, wanda ka je garejinsa ka ga irinta a buɗe yana aiki, ka kuma ji daga bakin masu irin motar. Idan babu shi sai a wani gari mai nisan awa uku, haƙura ka sayi Corolla.

5. Fara da takardu da lambar jikin mota

Mutane sukan bar takardu sai ƙarshe, bayan mota ta riga ta shiga ransu. Juya tsarin. Kowace mota tana da lambar VIN mai haruffa da alƙaluma 17. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. Su zo ɗaya, su kuma yi daidai da abin da ke cikin takardun kwastan harafi da harafi. Idan ka ga alamar an kankare ko an sake liƙa wani abu a wurin, juya ka tafi.

A motocin Amurka, abu na goma a jerin lambar shi ke nuna shekarar mota. Daga 2001 zuwa 2009 alƙalami ne, 1 zuwa 9. Daga nan A ita ce 2010, B 2011, C 2012, D 2013. Wannan zai kare ka daga wata dabara da ta yi yawa, inda ake canza wa tsohuwar mota bamba da fitilu a sayar da ita da sunan sabon yayi.

Sa lambar a intanet. Da yawa daga cikin motocin da ake kawowa daga Amurka an sayo su ne a gwanjon Copart ko IAAI, inda kamfanonin inshora ke sayar da motocin da suka yi haɗari, kuma hotunansu na ranar gwanjo sukan fito. Rahoton Carfax, wanda ake biya a samu, yana nuna tarihin haɗari da adadin tafiyar da aka rubuta mata a can. Idan rahoto ya ce ta yi mil 190,000 kai kuma kana ganin 85,000 a gabanka, an mayar da mita baya. Bugun bamba ko ƙofa ba abin tsoro ba ne idan an gyara da kyau, sai dai ya zama hujjar rage kuɗi. Wadda ruwan ambaliya ya ci kuwa, ko kyauta aka ba ka ka yi tunani, balle haibirid da rayuwarta duk waya ce da lantarki.

*Gargaɗi:* tun 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. Motar da aka bi daji da ita daga Kwatano, ko aka yi mata takardun bogi, kwastan na iya ƙwace ta a hanya ko da a hannun mutum na uku take. Kai takardun ofishin kwastan a tabbatar maka an biya kuɗin fito, kuma na wannan motar ne. Idan 'yar gida ce mai lamba, a duba lambar a rajistar hukumar kiyaye haɗurra, a kuma tabbatar a wurin 'yan sanda cewa ba a kai rahoton satarta ba. Sunan da ke takarda ya zama na mai sayarwa, ko a nuna maka takardar da ta haɗa su. Motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu ma ka bar ta.

6. Duba ta da safe, injin a sanyaye

Ka ce wa mai motar: "Alhaji, gobe da sassafe zan zo da bakanikena, don Allah kada a tayar da ita kafin mu iso." Da isarku ka taɓa bonet. Injin da ya yi zafi yana ɓoye ƙara da hayaƙi da wahalar tashi. Kada ka duba mota da daddare ko ana ruwa.

Kunna makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilun dashbod duka su kama, musamman ta injin da ta jakar iska da ta ABS (na'urar hana birki ƙulle taya), sannan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa cire ta aka yi ko aka rufe. Bakanike ya jona kwamfuta, kuma kada ya tsaya ga cewa babu matsala, ya duba ko ba a daɗe da goge bayanan ba, domin na'urar tana nunawa.

Buɗe murfin baƙin mai. Idan ka ga abu fari-fari mai kauri a jikinsa, ko ka ga mai yana yawo a ruwan lagireto, akwai zargin gasket ya ƙone. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa cin baƙin mai ne, baƙi kuma fetur ne ke ƙonewa fiye da ƙima. A ɗaga motar ko a hau rami a duba ƙasanta: tsatsa, walda a jikin shasi, yoyon mai. A nan ne za a duba abin da bakanikai ke kira indomi, wato matatar hayaƙi da ke jikin salansa. Ana yawan fasa ta a kwashe cikinta saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, kuma ta Prius tana cikin waɗanda aka fi nema. Mayar da ita kuɗi ne mai yawa, don haka a san matsayinta kafin ciniki.

Ɗaga kafet ka shinshina, ka leƙa ƙarƙashin kujeru da ramin safaya. Busasshen taɓo ko tsatsa a ƙusoshin kujera alamar ruwa ne. A jikin kowace taya kuma akwai alƙaluma huɗu: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta tsufa, ko da zanenta bai cinye ba, ba ta jure zafin kwaltarmu, sai ka sa kuɗin sababbi a lissafi.

7. Idan haibirid ce: gwajin babban batir

Nan ne kuɗin yake, nan ne kuma aka fi cutar mutane. Idan ka danna maɓalli, kalmar READY za ta fito a dashbod. Injin na iya yin shiru a lokacin, wannan ba matsala ba ce, haka take aiki. Abin da ba a so shi ne jan alwatika mai alamar motsin rai a tsakiya, ko lambar P0A80 a kwamfuta, wadda ke nufin batirin ya buƙaci canji.

Batirin Prius ta 2004 zuwa 2015 ƙananan batura 28 ne a jere, kwamfuta tana karanta su bibbiyu, rukuni 14. Bakanike ya buɗe shafin da ke nuna ƙarfin kowane rukuni, ku tuƙa motar yana kallo. Ya kamata su riƙa hawa da sauka tare. Idan ɗaya yana faɗuwa ƙasa da sauran duk lokacin da aka taka totur, shi ne mai shirin mutuwa. Akwai manhajar waya mai suna Dr. Prius da ke yin wannan aikin idan an haɗa ta da ƙaramar na'urar OBD, irin wadda ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, kuma kuɗin na'urar bai kai na cika tanki ɗaya ba.

Ko babu na'ura akwai abin da ido zai gani. Tsaya wuri ɗaya, kunna esi, ka kalli zanen batir a allo. Idan ya zube daga sama zuwa ƙasa cikin 'yan mintuna kaɗan, sannan ya cika nan take da injin ya tashi, batirin ya gaji, ba ya riƙe wuta. Saurari gefen kujerar baya, inda iska ke shiga ta sanyaya batirin. Fankar da ke ta ruri ba tsayawa tana gaya maka batirin na ɗaukar zafi. Zafi shi ne babban abin da ke kashe shi, mu kuwa ga rana ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar.

Tambayi mai motar kai tsaye ko an taɓa buɗe batirin. Abin da aka saba yi shi ne a cire ƙwaya ɗaya da ta mutu a sa wata tsohuwa, fitilar gargaɗi ta mutu, a kai kasuwa. Bayan 'yan watanni wata ƙwayar ta biyo baya. Kafin ka taya, tambayi kuɗin cikakken batir a kasuwa a wannan makon. Idan gwaji ya nuna rauni, a cire wannan kuɗin daga farashi, in an ƙi ka bar ta.

A Prius ta 2010 zuwa 2015 a ƙara da sauraron injin lokacin tashin farko da safe. Girgiza mai ƙarfi da ƙwanƙwasa na iya zama alamar toshewar bututun EGR (mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin) ko gasket da ya fara ba da ruwa, ciwon da aka san wannan yayin da shi. Ka kuma tuna Prius ba ta da tsayi daga ƙasa. Idan layinku kwazazzabo ne ko ruwa na kwanciya da damina, sa wannan a ma'auni.

*Gargaɗi:* wayoyin da aka rufe da roba ruwan lemo suna ɗauke da wuta sama da bolt 200. Ba wurin gwajin rewaya na bakin titi ba ne, tana iya kisa. Haka kuma kwampresar esin Prius da lantarki take aiki, tana da nata man na musamman mai suna ND-11. Mai gyaran esi ya zuba mata na sauran motoci, ya jawo maka asara babba.

8. Tuƙa ta da kanka

Zagaye layi ɗaya ba gwaji ba ne. Nemi rabin awa, ka sa mai da kuɗinka idan ta kama. Kashe rediyo. Shiga cunkoso, hau babban titi ka kai kilomita 100 a awa, bi hanya mai gargada ka ji ƙafafu. Giya ta riƙa shiga ba fizga ba jinkiri. Allurar zafi ta tsaya a tsakiya da esi a kunne. A wuri mai fili ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki da ƙarfi ka ji ko yana rawa. Idan motar tana nuna matsakaicin shan mai a allo, mayar da shi sifili kafin ku tashi ka karanta bayan kun dawo. Da kun tsaya a sake jona kwamfuta, domin matsalar da aka goge sau da yawa tana dawowa bayan tafiya.

9. Ciniki da biya

Rubuta duk abin da aka gano da kuɗin gyaransa, da shi za ka yi tayi. "Ranka ya daɗe, tayoyi biyu sun ƙare, shokozoban gaba na yoyo, ga abin da za su ci" ya fi "a rage mini don Allah" tasiri. Idan an ce albarka, ka yi godiya ka bar lambarka. Maganar cewa wani na zuwa da kuɗi yanzun nan, kusan kowane mai saye an gaya masa ita. A kuma yi maganar la'ada tun farko, nawa ce, wa zai biya.

*Gargaɗi:* kada ka tura kafin alƙalami a kan motar da a hoto kawai ka gan ta, musamman wadda aka ce kwastan ne ke gwanjonta a rabin kuɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Biya ta banki, zuwa asusun da sunansa ya dace da na mai sayarwa ko kamfaninsa. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar VIN, lambar injin, kuɗin da aka biya da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, ka karɓi kwafin katin shaidar mai sayarwa. Karɓi takardu na asali, ba hoto ba, da makulli na biyu, domin yin sabon makullin mota mai maɓalli ba ƙaramin kuɗi ba ne.

10. Makon farko

Yi canjin mallaka da rajista a ofishin lasisi da ƙafarka, ka yanki inshora a kamfani mai rajista, ka duba ta a rumbun NIID (rumbun bayanan inshora na ƙasa a intanet) ka ga ta fito. Sannan gareji: juye baƙin mai da wanda aka rubuta a murfin injin ko littafin motar, 0W-20 ne ga Prius ta 2010 zuwa 2015, ba mai kauri da aka saba zuba wa kowace mota ba. Canza matatar iska, a duba filogi, a wanke fankar batir idan haibirid ce, a daidaita ƙafafu. Iskar taya a bi adadin da ke liƙe a ƙofar direba, kuma a auna da safe, domin taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai. Kada ka yarda a cire maka abin da ke daidaita zafin ruwan injin da sunan wai ƙasarmu da zafi, injin da bai kai zafinsa ba ya fi shan fetur.

Daga nan ka auna ta da kanka. Cika tanki har famfo ya yanke, mayar da mitar tafiya sifili, yi harkokinka na kwana huɗu ko biyar, ka koma famfon nan ka sake cikawa. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Idan mitar da mil take ƙirga, fara ninkawa da 1.6. Corolla da ta ba ka ƙasa da kilomita 8 a lita, ko Prius da ta kasa kai 14, akwai abin da ke damunta, sai a koma kan kwamfuta a fara da na'urar auna iskar salansa, filogi, da birkin da ke kamawa.